Farfaɗo da Tsofaffin Jiragen Yaƙi Masu Kujera Biyu da Gwada Su a Ƙasa

Gabatarwa

Mutanen ƙasar Birnin Gwari sun san rugugin jirgin yaƙi, musamman daga wajen shekarar 2018, lokacin da Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta riƙa kai farmaki a kan 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku da na Kuduru. Daga cikin jiragen da aka yi wannan aiki da su akwai samfurin Alpha Jet, mai inji biyu da kujera biyu, wanda ya fara isowa ƙasar nan tun farkon shekarun 1980. Watau jirgin ya girmi da yawa daga cikin matuƙansa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake ta da tsohon jirgi irin wannan daga kwance, da kuma dalilin da ya sa ba a barinsa ya tashi sai an gwada shi a ƙasa.

Ɗan Tarihi

Jiragen da suka fara sauka a Kano, ran 1 ga Nuwamba 1925, masu kujera biyu ne, samfurin DH.9A, guda uku, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. An ƙera wannan samfuri ne domin jefa bam a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matuƙi yana gaba, mai bindiga yana baya. Har ila yau a Kano aka sauke jiragen MiG-17 da MiG-15UTI daga Tarayyar Sobiyet cikin watan Agusta 1967, a farkon yaƙin basasa. Shi MiG-15UTI kujerarsa ta biyu ta malami ce, mai koyar da tuƙi.

Aikin Gyara

Abin da ake fara nema shi ne takardu, watau zanen da aka ƙera jirgin da shi da littafin da aka rubuta sa'o'in tashinsa. Daga nan sai a warware shi ƙusa-ƙusa, a sa wa kowane yanki lamba. Jiragen farko da katako da waya da yadin lilin aka yi su, saboda haka abokan gabansu su ne gara da danshi. Alal misali, an tsinci ragowar jiragen DH.9 a Bikaner ta ƙasar Indiya, a wurin da ake ajiye giwayen sarki, gara ta ci katakonsu. Aka kai su Ingila, aka yi shekara da shekaru ana sassaƙa sabon katako a madadin wanda ya lalace, ɗayansu bai sake tashi ba sai a 2019.

Jiragen da aka yi da goran ruwa kuwa, tsatsa da gajiyar ƙarfe ke cinsu. Ƙarfen da ya daɗe yana lanƙwasa yana miƙewa yakan yi tsaga siririya wadda ido ba ya gani. Don haka akan shafa masa wani ruwa mai launi da ke shiga cikin tsagar ya tona ta, ko kuwa a haska shi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Robobi da bututun mai da wayoyin lantarki ba a lallaɓa su, canza su ake yi. Bugu da ƙari, jirgi mai kujera biyu sai an tabbata cewa sandar tuƙi da agogunan gaba sun dace da na baya, sa'an nan a ɗora shi a kan sikeli a ga inda nauyinsa ya rinjaya.

Gwaji a Ƙasa

Direban da motarsa ta mutu a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari yana iya gangarawa gefe ya buɗe bonet. Matuƙin jirgi ba shi da gefen hanya. Wannan shi ne dalilin gwajin ƙasa: a tilasta wa kowane aibi ya bayyana tun ƙafafun jirgi suna kan turɓaya.

Akan sa wa tayoyi waigi, a ɗaure wutsiya, a tsai da motar kashe gobara kusa. In jirgi mai farfela ne, sai a juya farfelar da hannu tukuna, kana a ta da inji. Idan allurar baƙin mai ba ta motsa ba cikin rabin minti, nan take ake kashe shi. Irin wannan inji hanyar ba da wuta biyu gare shi, saboda haka sai a kashe ɗaya a saurari ɗayar, sa'an nan a musanya. In kuwa jet ne, sai an share fili tsaf, domin bakin injinsa yana zuƙar tsakuwa, kuma a sa ido kan zafin iskar da ke fita ta baya. Bayan kowane gwaji akan cire matatar mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, alamar wani abu yana ci a ciki. Daga ƙarshe jirgi zai yi tafiya sannu a kan titinsa don a gwada birki, sa'an nan da gudu har ya kusa ɗagawa, sai a tsai da shi.

Kammalawa

A taƙaice, tsufa kaɗai ba ya hana jirgi tashi, sakaci ke hana shi. Tashin minti talatin yana tsaye ne a kan aikin watanni da makanikai suka yi a rumfar gyara, kuma ran mutum biyu da ke ciki, da na mutanen ƙauyukan da zai ratsa ta kansu, ya dogara ga amanar wanda ya sa hannu a takardar gwaji.