Cif ɗin RFID a jikin kaji da kifi: wa ke riƙe da bayanan gonarka?

Yau maganar cif ɗin RFID zan yi, wato 'yar na'urar nan da ake maƙala wa dabba a kunne, ko a sa wa kaza a zoben ƙafa, ko a tura wa kifi cikin jiki da allura. Magana biyu nake yawan ji a kansa. Wasu na cewa da ka sa shi, ɓarawo ya shiga uku, domin za ka ga inda dabbarka take a waya. Wasu kuma na cewa leƙen asiri ne, gwamnati za ta riƙa kallon gonarka daga sama. Ni a ganina duka biyun sun kauce wa inda matsalar take.

Bari mu fara da yadda yake aiki. Cif ɗin da ake sa wa kifi bai wuce ƙwayar shinkafa ba, tsawonsa kamar milimita 12, a cikin ɗan gilashi. Ba shi da batir. Yana nan shiru har sai an kawo na'urar karantawa kusa da shi, ita ce ke ba shi ɗan ƙarfin da zai aiko da lambarsa. Lambar nan guda 15 ce bisa ƙa'idar ISO 11784, kuma uku na farko sukan nuna ƙasa ko kamfanin da ya ƙera shi: Amurka 840, Najeriya 566. Ba sunanka a ciki, ba adireshinka. Na'urar hannu sai ta matso 'yan santimita kafin ta karanta, manyan da ake kafawa a ƙofar garke ma ba su cika wuce mita ɗaya ba.

Don haka cif ba GPS ba ne, tauraron ɗan'adam ba ya ganinsa. Idan aka sace maka rago, cif ba zai gaya maka inda aka kai shi ba. Amfaninsa shi ne ranar da aka gano ragon, ka kafa hujja cewa naka ne, in har ɓarawon bai yanke ɗan kunnen ya yar ba. Duk wanda ya zo yana tallata maka shi a matsayin maganin sata kai tsaye, ka riƙe kuɗinka tukuna.

To ina amfaninsa gare mu? Mai ƙyanƙyasar tarwaɗa shi ya fi kowa buƙatarsa. Iyayen kifi kamarsu ɗaya a cikin ruwa, ba za ka gane wacce ta ba ka ƙwai mai kyau ba, ko wanne namiji ne ɗan'uwan wacce mace. Da cif za ka kauce wa haɗa 'yan gida ɗaya, abin da ke jawo 'ya'yan kifi marasa girma. A Amurka tun shekarun 1980 ake sa wa kifin salmon irinsa a kogin Kolumbiya don a ƙidaya waɗanda suka wuce madatsun ruwa. Masu inganta irin kaji su ma suna amfani da shi don sanin kazar da ta fi yin ƙwai. Amma mai kajin nama ɗari biyu da zai sayar cikin sati shida ko bakwai, gaskiya littafi da biro sun ishe shi.

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke son sa kuwa shi ne cuta. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma kafin a ankara ta bazu jihohi da dama. A irin wannan hali tambayar likitocin dabbobi ɗaya ce: daga ina kajin nan suka fito, kuma ina aka kai sauran? Wanda ya taɓa asarar ɗaki guda na kaji ya san darajar amsar.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Lambar cif ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da rumbun bayanai a kwamfuta: sunan mai dabba, lambar wayarsa, inda gonar take, adadin abin da yake kiwo, wanda ya sayar wa da ranar cinikin. Wannan rumbun shi ne ainihin mai bin diddigi. Duk wanda ya riƙe shi ya san dukiyarka fiye da maƙwabcinka.

Manoman Amurka sun yi wannan rigimar. Bayan an samu cutar haukan shanu a jihar Washintan a Disambar 2003, ma'aikatar gonarsu ta fito da shirin NAIS: a yi wa kowace gona rajista, a ba dabbobi lamba, a riƙa rubuta zirga-zirgarsu, yadda za a gano asalin cuta cikin awa 48. Ƙananan manoma suka ce ba su yarda ba. Babban kamfanin kaji zai iya yi wa dubban kaji lamba ɗaya a matsayin rukuni, shi kuwa mai 'yan dabbobi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuɗin a kansa. Sun kuma ji tsoron bayanansu su faɗa hannun manyan kamfanonin nama, su yi amfani da su wajen karya farashi. A Fabrairun 2010 sakataren harkokin noma Tom Vilsack ya jingine shirin. Amma maganar ba ta mutu ba. Daga Nuwambar 2024 doka ta wajabta ɗan kunne mai cif ga wasu rukunin shanu da za a tsallaka da su daga jiha zuwa jiha, har wasu ƙungiyoyin makiyaya suka kai ƙara kotu. Ostareliya da Tarayyar Turai kuwa sun daɗe da wajabta shi, ta farko ga shanu, ta biyu ga tumaki da awaki.

Ga kuma batun tsaro. Cif ɗin dabbobi na gama-gari ba shi da makulli. Duk mai na'urar karantawa zai iya ɗaukar lambar, kuma ana sayar da cif na wofi da ake iya rubuta wa lambar wani. A 2006 wani mai bincike ya kwafi lambar VeriChip, cif ɗin da ake dasa wa mutane a hannu a wancan lokacin. A shekarar dai, masu bincike a wata jami'a a Amsterdam suka nuna ana iya ɓoye mugun umarni a cikin cif mai ɗaukar rubutu, ya lalata rumbun bayanan da bai da kariya. Ke nan lamba kaɗai ba ta isa hujja ba, ka haɗa da hoto da rasit.

Mu a nan abin ya fi haka nauyi. A yankin da ake satar shanu ana garkuwa da mutane, jerin sunayen masu kiwo da adadin dukiyarsu da taswirar gonakinsu ba abin wasa ba ne in ya faɗa hannun da bai dace ba.

Shi ya sa duk lokacin da kamfani, ko shirin tallafi, ko masu inshora, ko masu ba da rance suka ce za su sa wa dabbobinka cif, ina ba da shawarar ka yi waɗannan tambayoyin kafin ka sa hannu:

1. Wa ke ajiye bayanan, kuma wa da wa ke iya gani?
2. Za a miƙa su ga banki, ko masu haraji, ko dillalai? Da izinina ko babu?
3. In na fita daga shirin, za a goge su?
4. Zan samu kwafin bayanan dabbobina a hannuna?
5. In cif ya faɗi ko ya mutu, wa zai biya sabo?

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin sanin abin da ake ajiyewa game da kai da dalilin ajiye shi, har da neman a gyara ko a goge. Wanda ya kasa amsa maka a rubuce, ka dakata da shi.

In kuma don amfanin kanka ne, misali iyayen tarwaɗa hamsin, ba ka buƙatar kowa. Sayi cif da na'urar hannu masu ƙa'ida ɗaya, ka nemi ƙwararre ya nuna maka yadda ake turawa ba tare da jikkata kifin ba, ka ajiye lambobin a littafinka da wayarka mai makulli. Kada ka ɗora hoton lambobin ko taswirar gonarka a Facebook. Kuma ka tuna ka cire cif ɗin kafin kifin ya shiga tukunya ko wurin banda.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dukiyarmu.