Susar Kare: Kafin a Kai ga Baƙin Mai

Da an gama girbi a ƙasar Karaye da Rogo, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su fara shirin shiga daji. A lokacin ne mutum yake duban karensa da idon basira, kuma sau da yawa abin da yake gani ba ya faranta rai: gashi ya zube a gindin wutsiya, fata ta yi ja, kare sai susa yake yi yana gatsar jikinsa. Haka abin yake a rugagen Fulani da ke kewayen madatsar ruwan Challawa, da gidajen gona inda kare ne mai gadi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma dabbar da ka ajiye tana yi maka aiki, haƙƙinta yana wuyanka.

Ƙaiƙayi alama ce, ba ita ce cutar ba. Abubuwa da dama suna kawo ta, kowanne da maganinsa.

Mafi yawan lokuta ƙuma ce. Wasu karnukan jikinsu ba ya jituwa da yawun ƙuma, ta yadda cizo kaɗan zai tayar musu da borin jini su kwana suna susa, alhali wani karen a gidan yana ɗauke da ƙuma fal bai damu ba. Shi ya sa mai kare zai rantse ya duba bai ga komai ba. Gane ta ba wuya: a tsayar da karen a kan farin ƙyalle mai laima, a taje bayansa. Idan baƙin ɗigo-ɗigo ya zubo ya rine ƙyallen da ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne da ta sha. Wurin da ta fi addaba shi ne gadon baya zuwa gindin wutsiya da cinyoyi.

A nan ne jama'a suke asarar kuɗi. Ƙumar da ke jikin kare ƙaramin kaso ce. Macen ƙuma tana iya saka ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma yana zubewa ƙasa ne, cikin tsumma da buhu da turɓayar inuwar da karen yake kwanciya. Ka wanke kare yau ka mayar da shi makwancinsa, ka yi aikin banza. Sai an share wurin, an ƙona tsohon tsumma ko an wanke shi da ruwan zafi an shanya a rana, an kuma yi wa dukkan karnuka da kyanwowin gidan magani tare, ana maimaitawa kamar wata uku, kafin a ga bayanta.

Ƙazuwa kuwa wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani suke haƙa fata. Tana farawa daga gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba da ciki, tana yaɗuwa tsakanin karnukan da ake fita farauta da su, har takan taɓa yaran gida su yi ƙuraje. Likitan dabbobi yakan kankari fatar ya duba a na'ura. Maganin ivermectin yana kashe ta, amma da awon nauyin karen ake bayarwa. Ɗibar na shanu da ka a ɗirka wa kwikwiyo yana iya makantar da shi ko ya kashe shi.

Da damina akwai wani ƙuda mai saka ƙwai a ƙasa mai fitsari, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Wannan a toshe ramin da man shafawa mai kauri, tsutsar ta leƙo, a matse ta a hankali.

Sai bayan an kawar da waɗannan ne ake zargin ƙura, ko furen ciyayi, ko abinci. Karen da waɗannan suke tayar wa borin jini lasar tafin ƙafa yake yi, yana goga fuska, kunnensa na wari, kuma yawanci abin yana fara masa ne kafin ya shekara uku. Ba ya warkewa ɗungurungum, lallaɓa shi ake yi: wanka da ruwa mai tsabta bayan dawowa daga daji, sabulu marar kaifi, da maganin da likita ya rubuta idan abin ya motsa. In abinci ake tuhuma, sai a tsare karen a kan abu ɗaya da bai saba ci ba har mako 8. Gaskiya wannan da wuya ga karen da ke yawo a gari yana kalar sauran tuwo.

Abin da ya kamata a bari shi ne baƙin mai da kalanzir da fiya-fiya. Fatar da ta riga ta tsage tana tsotse su, karen kuma yana lashewa. Fiya-fiya da Sniper guba ce mai kama jijiya: dalala, makyarkyata, shiɗewa. Haka ma ƙwayoyin mutane na ciwon jiki irin ibuprofen, suna ɓata wa kare ciki da ƙoda. Allurar dexamethasone da masu sayar da magani a kasuwa suke so saboda tana kwantar da susa nan take, idan fatar ta riga ta yi mugunya ƙara rura cutar take yi daga baya.

Duk karen da fatarsa ke ruwa tana wari, ko ya daina cin abinci, a nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. In abin ya gagara, akwai asibitin dabbobi na Gwale a Kano, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, wanda ba shi da nisa sosai ga mutanen Rogo. Tun da an je, a haɗa da rigakafin ciwon haukan kare, wanda ake sabuntawa duk shekara.