Tsutsar wuyan doki: dalilin da ƙaiƙayi ke dawowa bayan an ba da magani

A Maiduguri, inda dawaki ke ƙawata hawan Sallah na Shehun Borno da filin folo da ke kusa da unguwar GRA, lafiyar fatar doki abin kulawa ce ga mai shi. Sai dai akwai ƙaiƙayin da ake ɗauka kirci ne, alhali asalinsa wata tsutsa ce da ke kwance cikin wuyan dabbar.

Masana na kiran ta Onchocerca cervicalis, kuma 'yar uwa ce ga tsutsar da ke makantar da mutane a yankunan bakin kogi. Siririya ce kamar zare, tana zaune cikin babbar jijiyar da ke ƙarƙashin geza, tana iya rayuwa shekaru da dama. 'Ya'yanta, waɗanda ido ba ya gani, su ke bazuwa cikin fata. Ƙananan ƙwari masu cizo na jinsin Culicoides, waɗanda ke hayayyafa a laka da jiƙaƙƙen taki, su ke kwashe su daga wannan doki zuwa wancan, musamman da damina.

Dawaki da yawa na ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Wasu kuwa gashinsu kan zube a ƙasan ciki, da fuska, da wuya, fatar ta yi ɓawo, dokin ya yi ta goga jikinsa har ya ji rauni. Wani lokaci ido ma kan kumbura.

Maganin ivermectin ko moxidectin na kashe 'ya'yan, amma ba ya kashe uwar. Shi ya sa ciwon kan lafa, bayan watanni ya dawo, kuma sai an riƙa maimaita maganin bisa shawarar likita. Ƙaiƙayin kan ƙaru na 'yan kwanaki bayan an sha magani, saboda mutuwar 'ya'yan a cikin fata.

Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar yanko ɗan ƙaramin ɓangaren fata a duba a madubin likita, irin binciken da likitocin dabbobi ke yi. Jami'ar Maiduguri na da asibitin koyarwa na dabbobi da mai doki zai iya tuntuɓa. A gida kuwa, a kwashe taki kullum, a busar da turke, a shigar da doki barga da almuru da asuba, lokacin da ƙwarin suka fi cizo.