Ruwan da ke cin sabulu: kafin ka sayi na'urar gyaransa

Shekara biyu ke nan da na haƙa burtsatse a gidana da ke Ikara, bayan na gaji da sauraron 'yan garuwa duk lokacin da rijiyoyi suka ja baya a watan Afrilu. Ranar da ruwa ya hau tanki har maƙwabta suka zo taya murna. Ba a yi wata biyu ba uwargida ta shigo da farar rigar makarantar ɗiyarmu ta shimfiɗa a gabana. Ta ce, "Malam, dubi nan. Wanki uku kawai, ta koma kamar an jiƙa ta a ruwan goro."

Na kira mai gyaran famfo. Ya leƙa tanki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwanka ne mai cin sabulu. Akwai na'urar da ake sawa, a Kano za ka same ta." Saura ƙiris in tafi. Wani abokina malamin kimiyya a Makarfi ne ya tare ni da tambaya guda: an gwada ruwan?

Ruwa mai cin sabulu shi ne wanda ya ratsa duwatsu ya kwaso sinadarai biyu, kalsiyam da magnesiyam. Su ne ke kama sabulu su hana shi kumfa, su bar farin ɓawo a gindin butar shayi, su toshe ramukan shawa. Ana auna su da miligiram a cikin lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai sauƙi, daga 121 zuwa 180 ya fara wahalar da mai wanki, abin da ya haura 180 kuwa sai haƙuri. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ta tsaya a 150. Shan irin wannan ruwa ba ya cutar da mai lafiya. Aljihu da tukwane da bututu ne ke jin jiki.

Na cika wata tsaftatacciyar gora na kai gwaji. Ba sai an je nesa ba: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen albarkatun ruwa, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando. Sakamakon ya nuna kalsiyam da magnesiyam na ruwana ba su kai iyakar ƙa'ida ba. Ƙarfe ne ya yi yawa, ya wuce miligiram 0.3 da aka yarda da shi. Dama alamar tana gabana ban karanta ta ba. Ruwan kan fito garai-garai, sai ya kwana a bokiti ya yi ja, saboda ƙarfen da ke narke a ciki ya haɗu da iska ya zama tsatsa.

Ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan tana zaune ne a kan tsohon dutse mai ƙarfi, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, ga kuma jar marmara a sama. Ba irin ƙasar Sakkwato ba ce, inda dutsen farar ƙasa yake shimfiɗe har aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina dominsa. Can ne ruwa mai cin sabulu ya fi samun gindin zama. Mu ma akan samu a wasu rijiyoyin, amma burtsatse biyu a layi ɗaya suna iya bambanta. Da na saka waccan na'ura, da ƙarfen ya lulluɓe cikinta ya rage mata ƙarfi, na yi asarar kuɗi. Abin da ya yi mini magani mai arha ne. Aka sa ruwan ya riƙa zuba a tankin farko yana tarwatsewa kamar yayyafi don ya sha iska, ya kwanta, sannan ya bi ta matatar yashi zuwa tanki na biyu.

Wana da ke aiki a Sakkwato shi ne gwaji ya nuna yana bukatar na'urar da gaske, kuma ina wurin aka haɗa ta. Tulu ne dogo kamar tukunyar gas, cike da 'yan ƙwayoyin roba masu launin zuma, girman ƙwayar acca. Kusa da shi akwai durom na gishiri. Ƙwayoyin suna riƙe da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Idan ruwa ya bi ta cikinsu sai a yi musaya, su kama kalsiyam da magnesiyam su saki sodiyam. In sun ƙoshi, a wanke su da ruwan gishiri mai kauri, su dawo aiki. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1935 wasu masana biyu a Ingila, Adams da Holmes, suka ƙera irin waɗannan ƙwayoyi.

Girman da za ka saya lissafi ne, ba ganin ido ba. Kowace lita ta ƙwayoyin tana kama kusan giram 50 kafin ta ƙoshi. Tulu mai lita 25, a ruwan da ya kai miligiram 250, zai gyara kusan lita 5,000, wato jarka 200 mai lita 25, sannan ya nemi gishiri wajen kilo uku. Gidan mata biyu da yara goma ya yi nasa lissafin tun kafin a je kasuwa. Kuma ka tambayi mai shago ko yana sayar da gishirin na'urar, mai kama da ƙwayar magani, domin gishirin miya yakan dunƙule a durom.

Inda aka fi shan wahala a gidajenmu shi ne ƙarfin ruwa. Tsayin mita goma ne ke ba da "bar" guda, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, yawancin na'urorin nan kuwa suna son "bar" ɗaya da rabi zuwa biyu. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita biyar ko shida ba zai iya tura ruwa yadda za a wanke ƙwayoyin ba. Dole a ƙara ɗan injin turawa, da matata a gabanta don tare yashi. Na ce wa wana, "Yaya, ɗauki mai murfin da ake juyawa da hannu." Mai agogon lantarki yana da daɗin sha'ani, amma wasu in an ɗauke wuta ta daɗe sai lissafinsu ya rikice. A yi wa na'urar rumfa kuma, rana tana cin roba.

Abu biyu ne nake roƙon mai karatu kada ya yi wasa da su. Na'urar ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. In burtsatsenka yana kusa da masai, ruwan zai yi kumfa da sabulu amma taifot na nan a ciki, sai an tafasa ko an sa maganin kulorin. Haka kuma kowane miligiram 100 da ta cire, tana zuba kusan 46 na sodiyam. Mai hawan jini da jaririn da ake dama wa madara, a fitar musu da famfo guda wanda ruwansa bai bi ta cikinta ba.

Ruwan gishirin da take zubarwa kuma kada ya kusanci lambu. Mu mutanen tumatir da rake mun san abin da gishiri ke yi wa ƙasa. A gidan wana an fara sakin bututun a gindin bishiyar lemo, kafin wata uku bakin ganyen ya ƙone. Sai da aka haƙa masa rami daban aka cika da tsakuwa, can bayan katanga, nesa da rijiya.