Abin da Sigari Ke Ɓoyewa a Dasashi

Duk wanda ya san Magama, inda motoci ke layi kafin su tsallaka daga Jibiya zuwa Ɗan Isa su miƙa Maraɗi, ya san aikin mota rabinsa jira ne. Direba da yaron mota da ɗan kamasho suna zaune wurin mai shayi, a sayi kara ɗaya, a ɗora goro a kai. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma ga shi nan a kan tebur.

In ana maganar illar sigari, kowa huhu yake tunawa, alhali baki hayaƙin ke fara bi. Akwai ƙwayoyin bakteriya kusan iri 700 da ke iya zama a bakin mutum, yawancinsu ba sa cutarwa. Hayaƙi yana rage iskar oksijin a tsakanin haƙori da dasashi, yana kuma raunana garkuwar jiki. Sai miyagun da ba sa son iska su samu wurin yaɗuwa, su shige ƙarƙashin dasashi, su haddasa kumburin da ke cinye ƙashin da ke riƙe haƙori. Shi ya sa haɗarin ciwon dasashi ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha.

Abin da ya fi damuna shi ne yaudarar da ke ciki. Alamar farko ta wannan ciwo ita ce jini a kan asuwaki ko buroshi. To nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jini, sai jinin ya ƙi fitowa. Mutum ya goge baki da asuba, ya ga asuwakinsa fes, ya ɗauka lafiya lau yake. Ba zai farga ba sai warin baki ya ƙi tafiya, dasashi ya ja baya, haƙori ya fara motsi in ya ciji tsire. Ƙashin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo.

Wanda ya daina sha zai iya ganin jini a makonnin farko. Kada ya tsorata ya koma wa taba. Jijiyoyin ne suka buɗe, ciwon da ke ɓoye ya fito fili. Daskararren dattin gindin haƙori kuma asuwaki ba ya cire shi, sai likitan haƙori ya kankare. Akwai likitocin haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma a gaya musu shekara nawa aka yi ana sha.