Yadda Ake Auna Saurin Gyaran Kai a Na'urar Ba da Wuta

Cajar wayar hannu da akwatin wutar kwamfuta aikinsu ɗaya ne, wato su karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230 su mayar da ita ƙarama, kamar bolt 5 ko 12. A cikinsu akwai taransista mai kunnawa da kashewa, wani lokaci har sau 100,000 a daƙiƙa guda. Akwai kuma wani sashe da ke lura da wutar da ke fita. In ta yi ƙasa sai ya tsawaita lokacin kunnawa, in ta yi sama ya rage shi. Wannan shi ne zagayen gyaran kai.

To, amma gyara ba ya zuwa nan take. Misalin wannan shi ne ɗan koyon keke. Keke ya karkata hagu, kafin ya juya kai lokaci ya ƙure, sai ya zarce dama, ya dinga tangaɗi har ya faɗi. Haka na'ura take. Idan gyaran ya makara da rabin zagaye, wato digiri 180, maimakon ya rage kuskure sai ya ƙara shi. Daga nan wutar za ta riƙa hawa da sauka, na'urar ta yi ƙara, har ta iya lalata abin da aka jona mata. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka injiniyoyi ba sa dogara ga lissafi kaɗai, sai sun auna. Hanyar da aka fi bi ta samo tushe ne daga aikin R. D. Middlebrook na jami'ar Caltech a Amurka, wanda ya wallafa a 1975. Ana sanya ƙaramin rizista, kamar mai om 20, a kan hanyar da labarin wutar ke bi ya koma. Ta kansa ake cusa 'yar ƙaramar sigina da taimakon taransifoma, ana ƙara saurin bugunta sannu a hankali. A kowane mataki sai a gwada abin da ya shiga da abin da ya zagayo ya dawo, a ga girmansa da kuma makararsa. Ana zana sakamakon a jadawalin Bode, mai ɗauke da sunan Hendrik Bode na ɗakin binciken Bell.

Wurin da ake zura wa ido shi ne inda siginar da ta dawo ta yi daidai da wadda ta shiga. Yawanci akan tsara ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin goma na saurin taransistar. A nan ake duba digiri nawa suka rage kafin makarar ta kai 180. Wannan ratar ita ce ratar tsira, kuma an fi so kada ta gaza digiri 45.

Awo ɗaya bai wadatar ba, domin ratar tana canjawa. Akan maimaita shi da kaya mai nauyi da mara nauyi, da wuta cikakkiya da mai rauni, cikin sanyi da cikin zafi. Dalili kuwa shi ne kafasita mai ruwan sinadari tana bushewa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta hakan. Na'urar da ta tsira da ƙyar a ɗakin gwaji mai sanyi tana iya fara tangaɗi bayan ta sha bazarar Sakkwato ko Maiduguri.