Wayar Cajar Laftof: Gano Inda Ta Mutu Kafin Ka Sayi Sabuwa

Duk wanda ya leƙa wurin ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, ko shagunan buga takardu na cikin gari, ya saba ganin caja mai rauni. Wata an naɗe mata wuya da baƙin salatif, wata an ɗaure ta da roba, wata kuma sai an danne ta da littafi kafin ta yarda ta kawo wuta. Masu su sun san ba lafiya, kuɗin sabuwa ne ya sa ake lallaɓawa. A wannan rubutu za mu duba abin da ke kashe wayar caja, da yadda mai karatu zai gane ko cajar ce gaba ɗaya ta tafi, ko kuwa ɗan guntun waya ne da za a iya sauyawa da kuɗi kaɗan.

Me ya sa caja ta yi tsada?

Kusan duk cajar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, galibi daga ƙasar Sin. Yawanci takan sauka Legas, ta biyo ta Kano, wuraren su Titin Beirut da Farm Centre, sannan ta ƙaraso Katsina. Kowane zango da kuɗin motarsa da ribarsa. Sai kuma batun dala. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ɗauka cajar dala 20 ce: a da naira 9,200 ke nan, daga baya ta koma naira 30,000, tun kafin a sa kuɗin kwastan da na mota. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka ga caja ɗaya ta kusa cinye rabinsa.

Ga masu sana'a irin tamu ta rubuta manhaja, asarar ba ta tsaya nan ba. Batirin yawancin laftof na hannu ba ya jimawa, don haka ranar da caja ta mutu aiki ma ya tsaya, mai aiki kuma yana can yana jiran kayansa.

Caja kashi uku ce

Kashi na farko ita ce waya mai kauri da ke zuwa daga soket ɗin bango, wadda ake iya cire ta a mayar. Na biyu shi ne baƙin akwatin nan, wato adafta, mai karɓar wutar gida ta bolt 230 ya mayar da ita bolt 19 zuwa 20 da laftof ke sha. Na uku ita ce siririyar wayar da ta fito daga akwatin ta ƙare da kan da ake sokawa a kwamfuta.

Akwatin ya fi komai tsada, amma sau da yawa ba shi ne ke fara mutuwa ba. Siririyar wayar ce, kuma a wuri biyu take karyewa: daidai inda ta fito daga akwatin, da gindin kan caja. A cikinta akwai ƙananan silin jan ƙarfe masu yawa. Duk lanƙwasa ɗaya tana gajiyar da su, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar nauyin wutar duka, shi ya sa wurin ke yin zafi har roba ta fara narkewa.

Manyan kamfanoni ma sun sha fama da wayoyin caja. A 2011 Apple ya amince da sasanci a wata shari'a a Amurka kan cajar MagSafe da wayarta ke zarewa a wuya. A Agustan 2014 HP ya janye wayoyin soket kusan miliyan 6 masu alamar LS-15 saboda suna iya yin zafi su kama wuta. A farkon 2016 Microsoft ya janye wayoyin Surface Pro sama da miliyan 2, yana mai bayanin cewa naɗe su da ƙarfi ko murɗe su na tsawon lokaci na iya sa su yi zafi.

Mu kuma a nan muna da ƙarin dalilai. Rashin tsayayyiyar wuta na sa caja yawo kullum, daga gida zuwa shago, daga shago zuwa wurin mai sola, kamar yadda aka gani a ƙarshen Oktoban 2024 lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu. Kowace tafiya sai an naɗe an warware. Ga zama a kan tabarma alhali soket na can jikin bango, waya a miƙe kamar igiyar shanya. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga kuma ɓera.

Yadda za ka gano ɓangaren da ya mutu

Fara da mafi arha. Ari wayar soket ta wani ka gwada. Idan caja ta tashi, to wayar ce ko kuma fis ɗin da ke cikin filogi, kuma su ne suka fi komai sauƙin kuɗi. Wannan wayar ba a gyara ta da ɗauri da salatif, domin wutar gida ce tsagwaronta a ciki. Sauya ta kawai.

Idan ba ita ba ce, jona cajar ka ɗan motsa siririyar wayar a hankali a wuraren nan biyu. Idan alamar caji na zuwa tana ɗaukewa, waya ce ta karye a ciki, akwatin kuma mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Mai gyara zai iya tabbatarwa da mita cikin minti biyu, sannan ya buɗe akwatin ya liƙa sabuwar waya da dalma. Kada ka buɗe da kanka. Akwai wani ɗan abu a ciki da ke riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare shi daga soket.

Masu Dell da HP su lura: a tsakiyar kan cajarsu akwai wata siririyar allura da kwamfuta ke gane ƙarfin cajar da ita, don haka wayarsu layi uku ce. Idan layin allurar ya tsinke, ko mai gyara ya sa waya mai layi biyu, Dell za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan batir, alhali waya ce.

Amma idan akwatin ya kumbura, ko yana ƙauri, ko yana tartsatsi, kada a ɓata kuɗin gyara. Ya gama aiki.

Idan sayen ya zama dole

Juya tsohuwar cajar ka karanta rubutun bayanta, ka nemi lambobi biyu, mai V da mai A. Cajar HP mai wat 65 za ka ga 19.5V da 3.33A, ta Lenovo kuma 20V da 3.25A. Lambar V ta zama daidai da ta tsohuwar. Lambar A kuwa ta yi daidai ko ta fi, kada dai ta gaza. Kai ma ya zama irinsa, domin HP kaɗai na da mai shuɗin baki na milimita 4.5 da kuma babba na milimita 7.4.

A kasuwa za a nuna maka iri uku: sabuwa ta asali, ta asali ta hannu wadda 'yan kasuwa ke kira folo-kom, da jabu mai ɗauke da tambarin kamfani. Ta hannu mai lafiyayyiyar waya ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Jabu takan yi rashin nauyi, rubutunta ya yi dishi-dishi, kuma an rage mata kayan tace wuta da na kariya. Je da laftof ɗinka shagon, a jona a gabanka na ɗan lokaci. Idan kibiyar allo ta fara tsalle-tsalle sa'ad da ka taɓa wurin linzami, ko akwatin ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ajiye musu kayansu. Cajar da ta tura gurɓatacciyar wuta na iya ƙona babban allon cikin kwamfuta, wanda gyaransa ya ninka kuɗin caja. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ka kuma nemi rasit da sharaɗin canji.

Idan sabuwar laftof za ka saya, duba mai caji da USB-C. Wannan tsari na ɗaukar har wat 100, sabon fasalinsa na 2021 kuma har wat 240, kuma Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin laftof daga Afrilun 2026. Idan ka samu cajar da wayarta ke cirewa, ranar da ta tsinke waya kaɗai za ka saya. Sai dai idan kwamfutarka na shan fiye da wat 60, nemi wayar da aka rubuta 5A a jikinta.

Kula da wadda ke hannunka

Kada ka ƙanƙame waya a jikin akwatin. Bar mata tsawon yatsa a sake daga inda ta fito, sannan ka naɗe ta da'ira mai faɗi. Riƙe kai ka zare, kada ka fizgi waya. Sayi ƙarin soket mai doguwar waya don kada caja ta riƙa rataya. Kada ka bar akwatin a kan katifa ko ƙarƙashin filo, musamman da dare. Zare shi kafin a tayar da janareta ko a kashe shi. Idan kuma robar waya ta fara tsagewa har farin ƙarfe ya leƙo, kai ta gyara a makon nan, tun akwatin na da rai. Salatif na iya kai ka ƙarshen aikin yau, amma ba ya haɗa silin da ya riga ya tsinke.